Kiwon kifi a Kebbi: Ba kowane iri ake haɗawa a ruwa guda ba

Mai kiwo kan zuba 'ya'yan kifi a kandami, ya shafe watanni yana ciyar da su, amma ranar kwasa ya tarar da yawa daga cikinsu sun ɓace, kuma bai taɓa ganin gawa ko ɗaya ta taso ba.

Sau da yawa zargi kan faɗa kan ɓarayi ko tsuntsaye. Sai dai a lokuta da dama mai laifin yana cikin ruwan, kuma mai kandamin ne ya saka shi da hannunsa.

Wannan batu ne da ya shafi mazauna Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi, garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri.

Su tsohuwar sana'a ce a yankin, musamman a bakin Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega. Amma kiwon kifi a kandami ko tankin siminti ko na leda sabon abu ne idan aka kwatanta, kuma yana da ƙa'idojin da masunci bai taɓa bukatar sani ba.

A gulbi, ƙaramin kifi yana da inda zai gudu. A tanki kuwa, ba shi da shi.

Darasi daga akwatin gilashi

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi, irin wanda ake gani a otal-otal da ofisoshi, sun daɗe da sanin wannan matsala.

Ɗaya daga cikin tambayoyin da suka fi yi ita ce ko za a iya haɗa ƙananan kifayen da Turawa ke kira "barb" da jatan lande na ruwan daɗi.

Mafi shahara a cikin kifayen shi ne mai ratsin baƙi guda huɗu, wanda asalinsa daga tsibiran Sumatra da Borneo ne. Tsawonsa ba ya wuce kimanin santimita 7, amma yana da zafin nama, har yakan tsinke wutsiyar sauran kifaye.

Shi kuwa jan jatan landen da aka fi kiwo don ado, wanda aka samo daga Taiwan, da kyar yake kai santimita 4, kuma 'ya'yansa ba su fi ƙwayar gero ba.

Sakamakon haɗa su a bayyane yake: kifin zai cinye 'ya'yan, sannan ya addabi manyan har su mutu.

Akwai wani nau'in "barb" ɗin daga ƙasar Sri Lanka mai sanyin hali, wanda yakan ƙyale manyan jatan lande idan akwai ciyayi masu yawa da za su ɓuya. Amma shi ma ba ya barin 'ya'yan.

Haɗarin ya fi tsanani lokacin da jatan lande ya yi saɓa. Ba ya girma sai ya yar da tsohon ɓawonsa, kuma kafin sabon ya yi tauri jikinsa na da laushi, ba shi da kariya.

Daga nan ne masu wannan sana'a suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi: duk abin da zai shiga bakin kifi, to abincinsa ne.

Tarwaɗa da karfasa

Ƙa'idar ba ta sauya ba idan aka koma kandami, inda asarar ta fi yawa.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, kuma ita ce kifin da akasarin masu kiwo a arewacin ƙasar ke farawa da shi.

Tarwaɗa na da faffaɗan baki, kuma ba ta ƙyale ko da 'yan uwanta. A cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wasu kan yi saurin girma, sai su koma haɗiye na baya.

Shi ya sa masana kiwon kifi ke ba da shawarar a riƙa tantance su a kai a kai, musamman a makonnin farko, ana ware manya daban, ƙanana daban. Jinkirta abinci ma na ƙara ta'azzara cin juna.

Ita kuwa karfasa matsalarta daban ce. Tana fara haihuwa tun tana 'yar watanni, macen tana riƙe ɗaruruwan ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe.

Idan aka bar maza da mata tare, kandami kan cika da ƙananan kifaye masu gasar abinci, kuma babu wanda zai yi girman da zai yi daraja a kasuwa.

A nan ne haɗin ke da amfani. Idan aka fara zuba karfasa ta yi girman da ta fi ƙarfin baki, sannan aka saka tarwaɗa kaɗan, tarwaɗar za ta riƙa rage 'ya'yan da ake haifa, manyan kuma su samu sarari su yi ƙiba.

Amma idan aka juya tsarin, aka zuba ƙananan karfasa a kan manyan tarwaɗa, to an bai wa kura ajiyar nama.

Akwai kuma batun iska. Tarwaɗa na da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska a saman ruwa, don haka takan jure cunkoso da gurɓataccen ruwa. Karfasa ta dogara ne ga iskar da ke cikin ruwan, kuma ita ce ke fara mutuwa a cunkusasshen tankin siminti.

Jatan lande a gonar shinkafa?

A ƙasar Bangaladash manoma sun daɗe suna kiwon manyan jatan lande na ruwan daɗi a gonakin shinkafa, tare da kifayen da ba sa farauta.

Dabarar ita ce zaman 'yan marina: kifin na kiwo a sama da tsakiyar ruwa, jatan lande kuma na tsintar abin da ya faɗa ƙasa. Karfasa ma ta dace da irin wannan zama, amma tarwaɗa ba ta dace ba, domin ita ma a ƙasan ruwa take neman abinci.

Ga jiha mai noman shinkafa kamar Kebbi, wannan abin sha'awa ne. Sai dai akwai cikas: 'ya'yan babban jatan landen kogunan Afirka ta Yamma na bukatar ruwa mai ɗan gishiri a farkon rayuwarsu, kuma Kebbi na da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku.

An ga muhimmancin hakan a Senegal. Bayan kammala madatsar ruwa ta Diama a 1986, jatan landen ya kasa kai-komo tsakanin kogi da bakin teku, ya yi ƙaranci a saman madatsar. Dodon koɗin da yake ci ya yawaita, cutar tsargiya kuma ta bazu a ƙauyukan yankin.

Wani abin lura kuma shi ne, magungunan kifi masu ɗauke da sinadarin tagulla na kashe jatan lande.

Giwan ruwa a Tafkin Biktoriya

Babban misalin kuskuren haɗi ya faru ne da kifin da mutanen Kebbi suka sani sarai, wato giwan ruwa, wanda ake tinƙaho da kama shi a bikin kamun kifi na Argungu.

A kogunan yankin nan ɗan gida ne, kuma sauran kifaye sun saba zama da shi.

Amma da aka kai shi Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, ya tarar da ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye dangin karfasa da ba su san shi ba. Bayan ya yawaita a shekarun 1980, masana sun ƙiyasta cewa kimanin nau'i 200 sun ɓace.

Abin dubawa kafin zuba kifi

Baƙon kifi na iya shiga kandami ko ba a gayyace shi ba. Ruwan da aka jawo daga gulbi ba tare da tacewa ba kan zo da 'ya'yan kifaye masu farauta, haka ma ambaliya, irin wadda ta yi ɓarna a gonakin shinkafar jihar a 2020.

Don haka ake son a ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin bututu, a kuma tsane kandami ƙarƙaf kafin a zuba sabon iri, domin tarwaɗa ɗaya da ta maƙale a laka ta isa ta yi ɓarna.

Masu neman ƙarin bayani na iya tuntuɓar malaman gona, ko jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ko kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja.

Tambayoyin dai guda huɗu ne: girman bakin babba, girman jikin ƙarami, abin da kowannensu ke ci, da kuma ko akwai wurin ɓuya. Wanda ya amsa su kafin ya sayi iri, ya rage wa kansa asarar kuɗin abincin watanni.