Wasan Zamiya A Kan Ƙanƙara: Yadda Kasuwa Ta Ci Kuma Ta Watse A Japan

Daga Wakilinmu na Arewa

A shekarar 1993 an ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 da dubu 600 ne suka hau duwatsu a ƙasar Japan don su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Watau a cikin kowane mutum bakwai na ƙasar, a haɗa har da jinjiri da tsoho mai dogara sanda, akwai guda wanda ya ɗaura katako a ƙafa ya gangaro daga kan tudu a wannan shekara. Da aka yi irin wannan ƙidaya a 2020 sai aka tarar ba su kai miliyan 5 ba. Duwatsun suna nan inda suke, ƙanƙara ba ta daina zuba ba, amma mutane sun janye jiki, kuma da suka janye sai suka tafi da cinikin ɗimbin masana'antu da kantuna da ƙauyuka.

Ya kamata mu fara yi wa mai karatu bayanin wasan kansa, tun da yake ba abu ne da muke da shi a nan ba. Mai wasan yakan sa takalmi mai tauri wanda ya kai ƙwauri, ya maƙala shi a kan wasu sille-sillen katako biyu masu santsi, kowane kusan tsawon mutum. Akwai ƙarfen da ke riƙe takalmin, wanda aka yi shi yadda zai saki in mutum ya faɗi don kada ƙafa ta karye. Sai sanduna biyu a hannu, da tufafi masu kauri, da safar hannu, da tabarau saboda ƙyallin rana a kan farar ƙanƙara. Hawa dutsen ma ba da ƙafa ake yi ba, akwai kujeru da ke rataye a jikin waya suna kai mutane sama, kuma sai ka yanki tikiti kafin ka zauna. Ka ga ke nan ba kamar tamaula ba ce, inda ƙwallo ɗaya ke isar mutum 22. A wannan wasa kowane ɗan wasa mai saye ne, tun daga kansa har tafin ƙafarsa.

Wani hafsan sojan ƙasar Ostiriya ta Turai, Manjo Theodor von Lerch, shi ne ya koya wa sojojin Japan wannan wasa a garin Takada da ke lardin Niigata, ran 12 ga Janairu, 1911. Shekara ɗaya bayan haka wani kafinta a garin Iiyama ya fara sassaƙa katakon, kuma daga nan kamfanin Ogasaka ya samo asali. Ƙasar kuwa Allah ya hore mata ƙanƙara. Da hunturu iska mai sanyi takan taso daga Siberiya, ta ƙetare teku ta kwaso danshi, in ta ci karo da duwatsun Japan sai ta zazzage shi duka. A 1972 birnin Sapporo ya karɓi Wasannin Olamfik na hunturu, karo na farko a nahiyar Asiya, kuma 'yan ƙasar uku suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a gasar tsalle ta mita 70, Yukio Kasaya na kan gaba.

Duk da haka sai a shekarun 1980 ne abin ya zama ruwan dare. A 1982 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai tsananin gudu daga wajen Tokyo zuwa Niigata. A 1985 aka gama babbar hanyar mota wadda ta huda dutse ta ɓulla can. Daga wannan shekara kuɗin ƙasar, watau yen, ya yi daraja ƙwarai, kayan Turai suka yi araha. A 1989 bankuna suka daina buɗewa ran Asabar, ma'aikatan gwamnati suka bi sahu a 1992, hutun mako ya zama kwana biyu. Ga hanya, ga kuɗi, ga lokaci.

Sa'an nan ga majigi. A 1987 aka fito da wani fim na soyayya a kan wani matashin ma'aikacin ofis, mai kunya a wurin aiki amma gwani a kan ƙanƙara, wanda ya haɗu da budurwarsa a filin zamiya. Fim ɗin ya shiga ran samari da 'yan mata, har filin zamiya ya koma musu dandali. Saurayin da bai iya ba, ko ba shi da motar da zai kai yarinya, sai ya ga kamar an bar shi a baya. Ran Juma'a da dare motocin safa sukan yi jerin gwano daga Tokyo, a kwana ana tafiya, gari na wayewa a shiga layin kujera, wani lokaci a yi awa guda ko fiye ana jira don a yi gangarowar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Wanda ya yi wannan wahala da daɗin rai, lalle ba ƙanƙara kaɗai ta kawo shi ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a ganina shi ne gindin maganar. Daga 1971 zuwa 1974 ana haihuwar yara fiye da miliyan 2 kowace shekara a Japan. Waɗannan yara su ne suka cika shekara 20 tsakanin 1991 da 1994, daidai lokacin da wasan ya kai ƙololuwa. Masu kantuna da masu otal sun ga cincirindo suka ɗauka haka za a dawwama, alhali kuwa ayari guda ne yake wucewa.

Ciniki dai an yi shi. A 1991 kuɗin da aka kashe wajen sayen kayan wasannin ƙanƙara a ƙasar ya haura yen biliyan 400. A unguwar Kanda ta birnin Tokyo akwai titin da kantunan waɗannan kaya suka jeru, wasu benaye ne hawa-hawa, kuma da kaka ta yi sai ka rasa masakar tsinke. Abin yayi ne, saboda haka rigar bara ba ta shiga bana ko da ba ta yage ba, kuma ɗan koyo wanda bai iya ko tsayawa ba yakan sayi irin katakon da zakarun duniya ke tsere da shi. Masana'antun Ostiriya da Faransa da Italiya, irin su Atomic da Rossignol da Salomon da Nordica, suka mai da Japan babbar kasuwarsu. Har ma an yi wata taƙaddama a 1986, sa'ad da aka fito da wani sabon ma'auni na ingancin katako a Japan, bisa hujjar wai ƙanƙarar ƙasar daban take da ta sauran duniya. Turawa suka ce ba su yarda ba, dabara ce ta toshe musu kasuwa, suka yi ta ƙorafi har aka janye maganar.

Gine-gine ma ba a bar su a baya ba. A 1987 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta sauƙaƙa haraji da ba da izini ga masu gina wuraren shaƙatawa, ƙananan hukumomi suka yi ta cin bashi suna sare daji suna kafa waya. A Disamba 1990 kamfanin jirgin ƙasa ya buɗe filin Gala Yuzawa, inda fasinja zai sauka daga jirgi ya hau kujerar dutse ba tare da ya fita daga tasha ba. Garin Yuzawa, wanda mutanensa ba su kai 10,000 ba, aka cika shi da dogayen benaye masu ɗakunan hutu kusan 15,000. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wani katafaren gini da aka buɗe a 1993 a Funabashi, kusa da Tokyo, mai suna SSAWS. Tudu ne aka ƙera da ƙarfe aka rufe shi da rufi, tsawonsa kusan mita 500, injuna suna yin ƙanƙara a ciki rani da damina. An ce ya ci wajen yen biliyan 40.

Amma tun kafin a buɗe shi ƙasa ta fara zamewa. Kasuwar hannun jari ta Tokyo ta kai matuƙa a ƙarshen Disamba 1989, daga nan ta rikito, kuma ba ta sake komawa wannan matsayi ba sai a Fabrairu 2024. Farashin filaye ya bi ta. Kamfanoni suka rage ɗaukar sababbin ma'aikata, matasa da yawa suka koma aikin wucin gadi, ɗan abin da ke aljihu kuma wayar hannu da wasannin kwamfuta suka zo suka raba. 'Yan ayarin nan da muka ambata suka yi aure, suka haihu, suka jingine katako a bayan ƙofa.

Wani sabon salo ya ɗan tare faɗuwar. Maimakon katako biyu, sai matasa suka koma wa allo guda mai faɗi wanda ake tsayawa a kansa a karkace, ba sanda. A Olamfik na Nagano a 1998 aka fara sa shi cikin gasa, kuma a wannan shekara in an haɗa masu katako da masu allo sun kai miliyan 18. Daga nan sai gangara, shekara bayan shekara.

Kaya suka yi kwantai. Kamfanin Kazama ya karye a 1996. Yamaha, wanda mu a nan muka fi sani da babur, yana da ɗan'uwa mai ƙera kayan kiɗa da ya daɗe yana yin katakon zamiya, shi ma ya wanke hannunsa a 1997. A Turai Atomic ya durƙushe a 1994, wani kamfanin ƙasar Finland mai suna Amer ya saye shi. Alpen, wanda ya fara da ɗan kanton kayan zamiya a Nagoya a 1972, ya tsira ne domin ya baza ƙafa zuwa kayan golf da sauran wasanni. Kafin tsakiyar shekarun 2010 cinikin kayan ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake a 1991. Ginin SSAWS aka rufe shi a 2002, aka rushe, a 2006 kamfanin IKEA ya buɗe kantin kujeru da gadaje a wurin. A Yuzawa an kai lokacin da ake tallan ɗaki a kan yen 100,000, kuɗin da bai kai albashin wata na ƙaramin ma'aikaci ba, amma ba mai taya, domin duk wanda ya saya ya ɗauko wa kansa haraji da kuɗin kula da gini na kowane wata.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne mutanen ƙauye. A da, in ƙanƙara ta rufe gona, magidanta sukan tafi cin rani birane su yi aikin gini ko na masana'anta. Zuwan wasan ya sa manomi ya mai da gidansa masauki, matarsa na dafa wa baƙi abinci, ɗansa na aiki a wurin kujeru. Da baƙi suka ɗauke ƙafa sai aka koma 'yar gidan jiya, ga kuma bashi. Garin Yubari na tsibirin Hokkaido, wanda ya rungumi harkar yawon buɗe ido bayan an rufe ma'adinan kwal ɗinsa, har da sayen filin zamiya da otal, ya bayyana a 2006 cewa ya kasa biyan bashin da ke kansa. Filayen wasan da suka kai kusan 700 a ƙarshen shekarun 1990 sun koma ƙasa da 500.

Ana cikin haka sai ga baƙi daga inda ba a zata ba. Tun farkon shekarun 2000 mutanen Ostireliya suka gano wani yanki na Hokkaido mai suna Niseko, inda ƙanƙara ke zuba fiye da mita 10 a hunturu guda, busasshiya marar nauyi kamar garin alkama. Lokacin zafinsu ne lokacin sanyin Japan, kuma bambancin agogo bai wuce awa biyu ba. Bayansu attajiran Hong Kong da Singafo da Maleshiya suka biyo, suna sayen filaye da otal-otal. Kamfanin YTL na Maleshiya ya sayi wani sashe na Niseko a 2010, kuma garin Kutchan da ke gindin dutsen ya yi shekaru a jere yana kan gaba a ƙasar wajen tashin farashin fili. A 2022 kamfanin Seibu ya sayar da wasu manyan otal-otal da filayen zamiyarsa ga asusun jarin gwamnatin Singafo. Annobar korona ta tsai da baƙi daga 2020 har zuwa Oktoba 2022, amma da aka buɗe ƙofa, ga yen ya yi araha, sai suka dawo fiye da da. A 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga ƙasar.

To, wanda ya ga layi a Niseko ko Hakuba zai ce ai kasuwa ta dawo. Ta dawo wa mai otal da mai sai da tikiti, amma mai kanti a Kanda bai gani a ƙasa ba. Baƙo ko dai ya zo da kayansa daga gida, ko ya karɓi haya. 'Yan ƙasar ma da ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara sun gwammace haya, domin ɗakunan Tokyo ba su da wurin ajiya, yaro kuwa takalmin bana ba zai shige shi baɗi ba. Katako guda a shagon haya yakan yi wa mutane da dama aiki a hunturu ɗaya, inda a da kowannensu sai ya sayi nasa. Saboda haka yawan ƙafafun da ke kan dutse ya daina nuna yawan abin da masana'anta za ta sayar.

Masu harkar sun san inda ciwon yake. A 2011 aka fara wani shiri na bai wa duk ɗan shekara 19 tikitin kujera kyauta a filaye masu yawa, bisa tunanin cewa wanda bai koya a wannan shekara ba da wuya ya koya daga baya. Wasu filayen kuma suka yafe wa 'yan firamare kuɗi don iyaye su kawo su. Sai dai ƙananan filayen da ke kusa da gari, inda makarantu ke kai yara koyo, su ne suka fi rufewa, kuma su ne ɗumamar yanayi ta fi cuta domin ba su da tudu sosai. Hunturun 2019 zuwa 2020 ya zo da ɗumin da ba a taɓa rubuta irinsa a ƙasar ba, wasu filayen ko buɗewa ba su yi ba. Manyan da suka rage kuwa farashinsu na bin aljihun baƙo.

Yaran ma ƙaranci suke yi. A 2022 haihuwa ta sauka ƙasa da 800,000, a 2024 ta sauka ƙasa da 700,000. Waɗanda aka haifa a 2024 za su cika shekara 19 a 2043, kuma yawansu kashi ɗaya ne cikin uku na waɗanda aka haifa a 1973.