Yadda mai neman aikin kula da ma'aikata zai shirya wa ganawar ɗaukar aiki

Duk wanda ya nemi gurbi a sashen kula da ma'aikata na kamfani ko hukuma yana fuskantar jarrabawa ta daban, domin waɗanda za su yi masa intabiyu su ne masu sana'ar da yake neman shiga. Tantance mutane aikinsu ne na kullum, kuma tun daga sallamarsa za su fara auna ko ya cancanci a danƙa masa albashi da ƙarin girma da sirrin ma'aikata.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin farko shi ne sanin dokokin da suka tsara dangantaka tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki a Najeriya, domin daga nan ne tambayoyi da dama ke fitowa.

Dokar Ƙwadago ta tanadi cewa a bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da kama aiki. Ta kuma fayyace wa'adin sanarwa kafin a raba gari: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya haura hakan amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa 5, sai wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Mace mai juna biyu tana da hutun haihuwa na mako 12.

Sai dai dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu. Manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru sun fi dogara ne da yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Ɗan takarar da ya iya bayyana wannan bambanci ya nuna cewa ya fahimci dokar, bai tsaya ga haddar lambobi ba.

Haka nan akwai lissafin da ba a yafe wa jami'in wannan sashe rashin saninsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun daga shekarar 2024. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Dokar biyan diyya ta 2010 kuwa ta wajabta zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin ma'aikacin da ya samu rauni a bakin aiki.

Bayan doka, masu ganawar kan jefo misali su ga yadda ɗan takara zai warware shi. Za a iya tambayarsa abin da zai yi da ma'aikacin da ya mayar da makara ɗabi'a, ko ƙaramar ma'aikaciyar da ta kawo ƙarar shugabanta. Amsar da ke gamsarwa ita ce mai bin mataki-mataki: a binciki gaskiyar lamarin, a ba da takardar neman bahasi, a saurari kowane ɓangare, a rubuta komai a ajiye, sannan a yanke hukunci bisa ƙa'idar ma'aikata. Korar da aka yi cikin gaggawa kan ƙare a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma a can takardu ake dubawa.

Yana da kyau ɗan takara ya tanadi labarai biyu ko uku daga abin da ya taɓa yi, ko da a lokacin yi wa ƙasa hidima ne, ya faɗi matsalar da ta taso, matakin da ya ɗauka da abin da ya biyo baya. A nan ne wasu ke faɗawa tarko, inda suke ambaton sunayen tsoffin abokan aiki ko tona asirin inda suka baro. Wanda ya yi haka ya riga ya amsa tambayar riƙon amana da bakinsa, alhali dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara nauyin da ke kan masu riƙe da fayilolin ma'aikata.

Ta fuskar shaidar ƙwarewa, cibiyar CIPM, wadda aka kafa a 1968, ita ce doka ta ba ikon tsara wannan sana'a a ƙasar nan. Wanda ya yi rajista da ita ko ya fara rubuta jarrabawarta ya ambaci hakan, ya kuma riƙe takardunsa na asali tare da kwafinsu.

Kafin ranar, ya binciki abin da ma'aikatar ke yi, yawan rassanta, da ko ma'aikatanta na da ƙungiyar ƙwadago. Idan aka ba shi damar yin tambaya a ƙarshe, ya nemi sanin babbar matsalar da sashen ke son sabon jami'in ya fara magancewa.