Haƙƙin Masu Ribaɗi a Kan Mutanen Ƙonni

Duk wanda ya san tarihin Birnin Ƙonni ba ya bukatar malami ya yi masa sharhi a kan darajar mai tsaron gari, domin kuwa a watan Mayu na 1899, bayan rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, sai ta auka wa wannan birni mai ganuwa, ta karya masu baka da masu mashi da suka tsaya kare shi, ta yi wa maza da mata da yara kisan da har yau dattawa ba sa ambatonsa sai da istirja'i. Waɗanda suka tsaya a bakin ganuwa ran nan sun san kibiya ba ta ja da bindiga, amma suka tsaya. Abin lura kuma shi ne, mafi yawan masu harbin baƙar fata ne 'yan'uwanmu, sanye da kayan soja a ƙarƙashin hafsoshin Nasara. Wannan ya isa hujja cewa girman soja yana ga wanda ya tsaya dominsa, ba ga kakinsa ba.

Magabata sun ba wannan aiki suna, wato ribaɗi, zaman dako a kan iyaka domin jama'a su yi barci da aminci, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗaukaka shi ƙwarai, har ya zauna a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837. Askarawan Nijar, waɗanda aka kafa rundunarsu ran 1 ga Agusta 1961, su ne magadan wannan aiki a yau, su da jandarmomi da dakarun garda da 'yan sanda. Askarawan sun je ƙasar Makka lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990, sun yi aikin kiyaye sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda bakwai suka kwanta dama a yammacin Kodibuwa a watan Yuni na 2012, tara kuma a yankin Gawo na Mali a watan Oktoba na 2014.

Amma jarrabawa mafi tsanani a gida ta same su. Ran 6 ga Oktoba 2016, a Tazalit cikin yankin Tasara, a nan jiharmu ta Tawa, 'yan bindiga suka kashe jami'an tsaro 22, kuma ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi abin da suke gadi: sansanin 'yan gudun hijira ne daga Mali, mutanen da ba danginsu ba, waɗanda ba su da abin saka musu sai addu'a. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, aka rasa 71, har shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Ilela, ya katse tafiyarsa ta Masar ya komo ya tsaya a kan gawarwakinsu a Yamai. Wata guda bai cika ba aka rasa 89 a Shinagodar. Sa'an nan a Oktoba 2023 aka rasa 29 kusa da Tabatol. Manomin albasa na Galmi da lebura a masana'antar siminti ta Malbaza da direban da ke karya kwana a Tsarnawa ya nufi Tawa, kowannensu yana cin moriyar wannan jini, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ne nake ganin gazawarmu, ba kuwa ta hukuma kaɗai ba. Akan sassauto da tuta, a yi makoki na kwana uku, limamai su yi alƙunutu, kuma duk wannan daidai ne. Sai dai matar mamacin, wadda sau da yawa ba ta ga gawar mijinta ba saboda an binne shi nesa da garinsu, tana shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma ranar da ta fita, lokacin da masu ta'aziyya suka daɗe da watsewa, ita ce ranar da ainihin nauyin yake farawa: kuɗin haya, da hatsin damina, da littattafan yara, da zirga-zirgar takardun haƙƙin mijinta daga ofis zuwa ofis, alhali wataƙila ba ta taɓa zuwa Yamai ba. Haka kuma wanda ya komo da ƙafa ɗaya, ko wanda jikinsa ya komo lafiya amma barci ya ƙaurace masa, da 'yan mazan jiya da tsufa ya kama.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba, gama kula da maraya farilla ce ta kifaya, wadda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma ƙofar wakafi da ta zakka a buɗe suke. Abin da nake roƙo ga sarakunanmu da limaman Juma'a na Ƙonni da Malbaza da Ilela shi ne kowace unguwa ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suka faɗi a bakin daga, a san gidajensu, a ware musu rabo daga zakkar gero idan kaka ta yi, a kuma naɗa mutum guda mai ilmin boko da amana wanda zai riƙa raka gwauraye bin takardunsu har haƙƙinsu ya fito.