Dala ashirin ga mai bidiyon albasa

Masu saurarenmu na Madawa, Buza da Keita, yau za mu duba yadda matashin da ke ɗaukar bidiyo da wayarsa, yana nuna yadda ake adana albasa a rudu ko maganin tsutsar gero, zai ci guminsa. Hanyar da manyan kamfanoni suka shimfiɗa ita ce talla. YouTube ba ya raba kuɗin talla da mutum kan dogayen bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Ko ya kai nan, mai talla yana biya ne gwargwadon aljihun mai kallo, shi ya sa kallo dubu daga Amurka ya fi kallo dubu daga kwarin Majiya daraja nesa ba kusa ba. Sai ka ga mai koyar da noma da Hausa ya koma barkwanci da rawa don ya jawo idon 'yan waje, manomin Adar kuwa ya tashi a tutar babu.

An gwada wata dabara. A 2019 kamfanin Coil na Stefan Thomas ya fito da tsarin da mutum zai biya dalar Amurka 5 a wata, sai manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita ta riƙa tura 'yan kuɗi ƙalilan ga mai shafin, gwargwadon daɗewarsa a ciki. Coil ya rufe a watan Maris na 2023. Wani zai ce to ai magana ta ƙare, abin da ya gagari Turawa mu ina za mu iya? Amma Coil ya nemi koya wa mutanensa ɗabi'ar da ba su saba da ita ba. Mu kuwa mun daɗe muna sayen katin gaisuwa a gidajen rediyon karkara don a ambaci sunan iyaye da abokai, kuma ba wanda ya taɓa tilasta mu.

Ƙorafin da ya fi nauyi kan masu kallo su riƙa biyan mai bidiyo kai tsaye shi ne na hanya. Yawancin jama'armu a WhatsApp suke samun bidiyo, ko a tura musu waya zuwa waya a kasuwa, inda babu wata manhajar da za ta ƙirga mintoci. Katin banki ma sai ɗaiɗaiku. Saboda haka dole biyan ya bi ta inda kuɗinmu suka saba bi, wato Airtel Money, NITA da Amana, waɗanda 'yan ci-rani ke aiko da cefane ta cikinsu daga birane da ƙasashen waje. Nan ne kamfanonin tura kuɗin ke da aiki a gabansu, domin in ladan turawa ya ci rabin dala ashirin ta sefa da mai kallo zai tura wa mai bidiyo, ba mai turawa karo na biyu.

Ga lissafin a sarari. Mutum 500 in kowa ya ba da dala ashirin a wata, jika hamsin ke nan. Ba arziki ba ne, amma ya isa sayen data, cajin waya da man babur zuwa ƙauyukan Keita, a ɗauko bayanin tsofaffin da suka yi aikin farfaɗo da ƙasa tun 1984, tun suna raye.