Wa Ke Rubuta Littafin Yaron? Kasuwar Manhajar Karatun Gida a Tsakanin Kiristocin Amurka

Daga watan Maris zuwa Yuni na kowace shekara, manyan zaurukan taro a birane irin su Cincinnati da Greenville da Orlando kan koma kasuwar littattafai. Iyaye mata ne suka fi cika wurin, kowace tana jan akwati mai taya, tana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan rumfa ta lissafi ce, waccan ta Latin, ta gaba kuma ana tallar na'urar hangen ƙwayoyin halitta da kwaɗon da yara za su feɗe a kan teburin cin abinci. Iyayen nan sun cire 'ya'yansu daga makaranta, ko kuma ba su taɓa sa su ba, kuma abin da suka saya a kwana biyun nan shi yaran za su karanta shekara guda cur.

Ba ƙaramar kasuwa ba ce. Hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka ta ce a 1999 yara kusan 850,000 ne ke karatu a gida, zuwa 2012 adadin ya doshi miliyan 1.8. Da annobar korona ta rufe makarantu, binciken hukumar ƙidayar ƙasar ya nuna gidajen da ke koyar da yara da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen 2020. Da aka buɗe makarantu wasu sun koma, amma da yawa sun zauna daram.

Tushen abin yana komawa shekarun 1960. A 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati, a shekarar da ta biyo baya kuma ta hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibadar safe. Kiristoci masu ra'ayin riƙau sun ɗauki wannan a matsayin korar Allah daga aji, sai majami'u suka shiga buɗe makarantunsu. Makaranta kuwa ba ta tafiya sai da littafi. Nan aka haifi kamfanoni uku da har yau su ne ginshiƙan kasuwar: Accelerated Christian Education (ACE), wanda Donald Howard ya kafa a Texas a 1970, Abeka na Arlin Horton da matarsa Beka a Pensacola ta jihar Florida, da maɗaba'ar Jami'ar Bob Jones a South Carolina, wadda aka fi sani da BJU Press.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin gida. Domin makaranta aka rubuta su. Sai da Raymond Moore da matarsa Dorothy suka yi ta wa'azin cewa kai yaro makaranta da wuri yana cutar da shi, kuma James Dobson ya ba Moore fili a shirinsa na rediyo mai ɗimbin masu sauraro, sannan iyaye Kiristoci suka fara kwararowa. A 1983 Michael Farris da Michael Smith suka kafa ƙungiyar lauyoyi ta HSLDA domin kare su a kotu, kuma zuwa 1993 karatun gida ya zama halas a duka jihohi 50. Uwar da ta wayi gari ita ce malama, ba horo ba takardar shaida, abin da ta fi buƙata shi ne wanda zai ce mata yau Litinin ga shafin da za a yi. Kamfanonin nan suka ba ta haka a kwali ɗaya: littafin ɗalibi, littafin malami, jarrabawa da amsoshinta, daga baya har da bidiyon malamai a aji.

Wannan sauƙin shi ne ƙarfin manhajar kwali, kuma bai kamata a raina shi ba. Abeka ta yi suna wajen koyar da karatu ta hanyar haɗa sautin baƙaƙe da wasula, kuma iyaye da dama sun shaida cewa 'ya'yansu sun iya karatu tun suna shekara biyar. Amma tsarin da aka yanka wa aji yana gajiyar da uwa mai 'ya'ya huɗu a matakai huɗu daban, ga jariri a baya. Daga wannan gajiyar ne sauran hanyoyin suka samu kasuwa.

A 1984 Susan Schaeffer Macaulay ta fitar da littafin da ya farfaɗo da tunanin Charlotte Mason, wata malama 'yar Birtaniya da ta rasu a 1923. Mason ta ƙi littattafan da ke tara busassun bayanai. Ta fi son a karanta wa yaro littafin marubuci ɗaya mai son abin da yake rubutu a kai, sannan yaron ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, a kuma fita da shi waje ya dubi tsuntsu da ganye. Wasu iyaye mata suka haɗa manhaja a kan wannan tafarki, AmblesideOnline, suka sa ta a intanet kyauta. Sonlight kuma, wadda John da Sarita Holzmann suka fara a 1990, an yi ta ne tun farko domin 'yan mishan da ke aiki a ƙasashen waje inda babu ɗakin karatu, saboda haka take aika tarin littattafan labari da tarihi tare da jadawalin kowace rana. Sai kuma masu bin tsarin gargajiyar Girka da Rum, waɗanda suka ɗora gininsu a kan wata laccar Dorothy Sayers ta 1947: hadda a ƙuruciya, ilimin hujja a tsakiya, fasahar magana a ƙarshe. A cikin masu wannan tsari, Classical Conversations, da Leigh Bortins ta fara a North Carolina a 1997, kan tara iyalai sau ɗaya a mako, galibi a harabar coci.

Wanda ya kalli wannan yalwa zai ɗauka cewa iyaye na auna hanyar koyarwa ne kawai. A zahiri tambayar farko da ake yi a rumfa ita ce ta aƙida, kuma a darasin kimiyya take fi zafi. Manyan littattafan kimiyya na wannan kasuwa, har da na Apologia da Jay Wile ya fara rubutawa, suna koyar da cewa an halicci duniya cikin kwana shida 'yan dubban shekaru da suka wuce, alhali masana kimiyya na ƙiyasta shekarunta da biliyan 4.5. Ba duk Kiristocin Amurka ne ke kan wannan fahimta ba, kuma saɓanin ya fito fili a 2011, lokacin da masu shirya Great Homeschool Conventions suka janye gayyatar Ken Ham, shugaban Answers in Genesis, bayan ya soki Peter Enns, wani malamin Tsohon Alkawari da shi ma aka gayyata, wanda bai ɗauki labarin halitta a zahirinsa ba. Iyaye suka rabu gida biyu. Haka kuma The Good and the Beautiful, manhajar da ta samu karɓuwa sosai saboda kyawun hotunanta da kuma ba da wasu darussan kyauta, ta gamu da turjiya a wasu majami'u domin wadda ta kafa ta, Jenny Phillips, mabiyar cocin Mormon ce, duk da kamfanin ya ce babu koyarwar wata ɗarika a ciki. 'Yan Katolika suna da nasu, irin su Seton, Mennonite ma suna da Rod and Staff.

Haƙƙin iyaye ne su raini 'ya'yansu a kan abin da suka yi imani da shi, kuma babu mai hankalin da zai yi musun haka. Sai dai zaɓin yana da farashi, kuma yaron ne ke biya daga baya. Jami'ar California ta ƙi amincewa da wasu darussan kimiyya da tarihi na makarantun Kirista da aka gina a kan littattafan Abeka da BJU, tana cewa ba su shirya ɗalibi ga karatun jami'a ba. Ƙungiyar makarantun Kirista ta ACSI ta kai ƙara. A 2008 kotun tarayya ta ba jami'ar gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2010. Shari'ar ta makarantu ce, amma littattafan su ne dai waɗanda ke kan teburan gidaje. A 2012 kuma jaridu suka bankaɗo cewa wani littafin ACE yana kafa hujja da dodon tafkin Loch Ness na Scotland, dabbar da ba a taɓa tabbatar da samuwarta ba, domin rushe ra'ayin Darwin. Wannan kuskure ne ko a ma'aunin mai imani da halittar kwana shida, domin hujjar da ba ta da tushe tana raunana abin da ake son karewa. Batun ya shafi na nesa ma, tunda akwai makarantu masu zaman kansu a Najeriya da ke amfani da ACE da Abeka.

Tarihi shi ne fage na biyu. An daɗe ana sukar wasu littattafan da sassauta munin bautar da baƙaƙen fata da kuma ɗora Amurka a matsayin ƙasar da Allah ya keɓe. Jami'ar Bob Jones kanta ba ta soke dokar hana soyayya tsakanin fari da baƙi ba sai a 2000. Wannan tabo ya ƙara nauyi yanzu da masu saye suka sauya. A cikin 'yan watannin annobar, gidajen baƙaƙen fata masu karatun gida sun tashi daga kashi 3.3 zuwa 16.1 cikin 100. Da yawansu Kiristoci ne na gaske, masu son Littafi Mai Tsarki a cikin darasi, amma ba za su karanta wa 'ya'yansu tarihin da ya mayar da kakanninsu 'yan kallo ba. Ƙungiyoyi irin su National Black Home Educators, da aka kafa a 2000, sun daɗe suna haɗa nasu jerin littattafan.

To wace manhaja ce ta fi? A nan ne kasuwar ta fi rauni. Binciken da masu talla suka fi ambata, na Lawrence Rudner a 1999, ya duba ɗalibai sama da 20,000 ya samu makinsu ya zarce na ƙasa nesa ba kusa ba. Amma an samo su ne ta ofishin jarrabawa na Jami'ar Bob Jones, iyalai ne masu aure da ilimi da rufin asiri fiye da yawancin jama'a, kuma Rudner da kansa ya gargaɗi mutane kada su ɗauka ya tabbatar da fifikon karatun gida. Wani ƙaramin bincike a Kanada a 2011, mai yara 37 a kowane ɓangare, ya nuna cewa masu bin tsararren jadawali sun fi na makaranta, marasa tsari kuma sun gaza su. Robert Kunzman da Milton Gaither, da suka tattara binciken da aka yi a fannin, sun lura da abu ɗaya da ke maimaituwa: yaran gida kan yi ƙarfi a karatu da harshe, su yi rauni a lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowace uwa mai ilimi za ta iya karanta labari da ɗanta, amma aljabara ta babbar sakandare sai wanda ya iya ta.

Ita ma hukuma ba ta cike giɓin ba. A New York dole iyaye su miƙa tsarin karatun shekara da rahoto sau huɗu, a Texas kuwa ko sanar da hukuma ba sai an yi ba idan yaron bai taɓa shiga makaranta ba. Saboda haka mai saye ya dogara ne da bakin maƙwabciya a coci, da sharhin Cathy Duffy wadda ta shafe shekaru tana bitar manhajoji, da bidiyon YouTube wanda sau da yawa mai yin sa na samun kamasho. Kwalin shekara ɗaya na yaro ɗaya yakan ci ɗaruruwan daloli, wani ma ya doshi dubu, a gidan da galibi albashi ɗaya ne ke shigowa. Shi ya sa kasuwar littattafan hannu ke ci, kuma iyalai masu gogewa kan daina sayen komai a wuri ɗaya, su ɗauki lissafin Saxon ko na Singapore daga nan, tarihi daga can.

Sabon abin da ke girgiza kasuwar shi ne kuɗin gwamnati. Arizona ta buɗe asusun tallafin ilimi ga kowane yaro a 2022, kimanin dala 7,000 a shekara, Florida ta bi sahu a 2023, Texas kuma ta amince da nata a 2025 inda ɗan karatun gida zai iya samun har dala 2,000. Ga uwar da ke ƙirga kwabo wannan sauƙi ne babba. HSLDA kuwa tana adawa da shi, domin a ganinta wanda ya ba da kuɗi wata rana zai nemi ya ga littafin.

Iyayen da suka fara wannan tafiya sun yi ta ne domin su karɓe tarbiyyar 'ya'yansu daga hannun gwamnati, kuma sun yi nasara a doka. Sai dai a gidaje da yawa ikon ya wuce ne kai tsaye zuwa hannun marubutan Pensacola da South Carolina, waɗanda iyayen ba su zaɓe su ba, babu kuma mai binciken aikinsu daga waje. Iyalan da abin ya fi yi wa kyau su ne masu karanta littafin kafin yaro ya buɗe shi, masu kai shi jarrabawar waje ko da doka ba ta tilasta ba, masu nemo malamin lissafi da kimiyya idan abin ya fi ƙarfinsu. Har yau Amurka ba ta da wata hukuma ta ƙasa da ke tantance littafin karatun gida kafin a sayar da shi, saboda haka aikin tantancewar gaba ɗaya yana wuyan uba da uwa.