Windows Mai Zuwa: Buri, Jita-jita, da Abin da Zai Shafi Kwamfutarka

Duk mai leƙa YouTube ko Facebook yana neman labarin kwamfuta ya taɓa cin karo da bidiyon da ke shelar cewa ga Windows 12 nan tafe. Za ka ga allo mai sheƙi, agogo ya koma sama, gumaka suna shawagi, duk abin da aka taɓa ya buɗe nan take. Galibin waɗannan bidiyoyi aikin masu zane ne da suka zauna suka tsara abin da ransu ke so, babu hannun kamfanin Microsoft a ciki. An yi ta jiran Windows 12 a 2024, abin da ya fito shi ne sabon zubin Windows 11 mai suna 24H2. A 2025 ma aka sake sa rai, sai ga 25H2.

Wannan bai sa hasashen ya zama aikin banza ba. Ta hanyarsa ne masu amfani da kwamfuta ke faɗin abin da ke ci masu tuwo a ƙwarya. Abin da ake bukata shi ne mutum ya iya rarrabe burin mai zane da alkawarin kamfani, ya kuma san cewa shi kansa alkawarin ba koyaushe yake cika ba.

Windows dai babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya. Matsayinta a cikin kwamfuta kamar na sarkin kasuwa ne: ita ke raba wa kowace ƙaramar manhaja wurin zama, ita ke ba ta izinin taɓa fayil ko kyamara ko firinta, ita ke tsare ƙofa. Android da ke cikin wayarka da macOS na kwamfutocin Apple duk wannan aikin suke yi. Shi ya sa sauya babbar manhaja ke taɓa kowa, daga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu har mai shagon buga takardu.

Tarihin Windows cike yake da abubuwan da aka nuna wa duniya, aka tafa, sannan suka ɓace. Mafi shahara shi ne na Longhorn. A watan Oktoban 2003 Microsoft ya tara masu rubuta manhaja a birnin Los Angeles na Amurka, ya nuna masu Windows ɗin da za ta gaji XP. Babban abin da ya ɗauki hankali shi ne wani tsari mai suna WinFS. Manufarsa ita ce ka daina wahalar tuna foldar da ka ajiye abu. Sai dai ka tambayi kwamfuta, misali ta kawo maka duk wasiƙu da hotuna da takardun da suka shafi wani mutum, ta haɗo su wuri guda. Aikin ya yi nauyi, ya cakuɗe, har a watan Agustan 2004 kamfanin ya sanar da cire WinFS, aka kuma koma aka sake ɗora ginin a kan wani tushe. Da Longhorn ɗin, wadda aka sa wa suna Windows Vista, ta isa hannun jama'a a Janairun 2007, babu WinFS a cikinta, kuma har yau bai fito ba. Bill Gates, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Microsoft, da kansa ya ce a 2013 rashin fitowar wannan tsari na cikin abubuwan da suka fi ba shi takaici.

Ba a nan aka tsaya ba. An gwada wani tsari mai suna Sets wanda zai haɗa manhajoji daban-daban a taga ɗaya, aka jingine shi. An yi ta tallar Windows 10X, aka soke ta a 2021 kafin ta shiga kasuwa. Da aka ƙaddamar da Windows 11, ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi yayatawa shi ne za ta riƙa buɗe manhajojin Android. Wannan kam ya fito, amma aka rufe shi a watan Maris na 2025. A 2015 ma wani ma'aikacin kamfanin ya faɗa a wani taro cewa Windows 10 ce ta ƙarshe, maganar ta zagaya duniya, bayan shekara shida sai ga Windows 11.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren labarin, inda koken jama'a ya yi tasiri. Windows 8 ta zo a Oktoban 2012 ba tare da maɓallin Start ba, wanda mutane suka saba da shi tun 1995. An cika allon da manyan murabba'ai masu launi da aka tsara domin taɓawa da yatsa, alhali yawancin mutane linzami da madannai suke amfani da su. Ƙorafi ya yi yawa. Bayan shekara guda Windows 8.1 ta dawo da maɓallin, sannan Windows 10 ta dawo da jerin manhajojin da ke ƙarƙashinsa a Yulin 2015. Haka aka yi shekaru ana roƙon a sa wa mai buɗe fayiloli shafuka irin na burauza, domin mutum ya buɗe folda uku a taga ɗaya, har aka samu a ƙarshen 2022. Idan ka lura, buƙatun da ake biya ƙanana ne, bayyanannu, waɗanda dubban mutane suka nace a kansu. Manyan mafarkai su ne ke mutuwa a hanya. Kamfanin yana da shirin gwaji mai suna Windows Insider tun 2014, da wata manhaja mai suna Feedback Hub inda ake shigar da koke a kuma goyi bayan na wani. Ko a can ɗin ba kowane koke ake ji ba: Windows 11 ta hana mayar da sandar ƙasan allo zuwa sama ko gefe, abin da tsofaffin Windows ke bari, aka kuma shiga 2025 ana ta roƙon a dawo da shi.

Yanzu hankalin manyan kamfanoni ya karkata ga ƙirƙirarriyar basira, kuma duk hasashen da ake yi kan Windows mai zuwa a nan yake tattaruwa: kwamfutar da za ka yi wa magana ta gane, ta taƙaita maka takarda, ta nemo maka abin da ka manta. An ga samfurin haka a watan Mayun 2024, lokacin da Microsoft ya gabatar da Recall. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗaukar hoton allonka lokaci-lokaci yana adanawa, domin in ka manta inda ka ga wani abu ka tambaye shi. Masana tsaro suka yi ca, domin hotunan na iya ƙunsar saƙonnin sirri da bayanan banki, kuma sun nuna cewa ɓarawon da ya shiga na'urar zai iya kwashe su cikin sauƙi. Aka ɗage fitowarsa, aka ƙara masa kariya, aka mayar da shi sai wanda ya ga dama ya kunna, bai isa ga jama'a ba sai 2025. Kuma ba kowace kwamfuta ke ɗaukarsa ba, sai sababbin da ake kira Copilot+, masu wani guntu na musamman da aka ƙera domin irin wannan lissafi.

A nan ne maganar ta iso gida. A ganina, tambayar da ta fi kowace muhimmanci game da kowace sabuwar Windows ita ce: za ta hau kwamfutar da ke hannuna? Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021 da sharuɗɗa masu tsauri. Tana neman RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64, waɗannan ba su da wuya. Masu wuyar su ne guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma firosesa, wanda in na Intel ne galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara guda. Kamfanin bincike na Canalys ya taɓa ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama tarkace saboda wannan.

Ina waɗannan kwamfutoci suke zuwa? Da yawa daga cikin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallama kasuwanninmu suke nufa. Ka shiga layin masu laftof na hannu a Kano ko Kaduna ko Yamai, za ka ga HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad jere a kan kanta, jikinsu garau, madannansu lafiya, batirinsu na riƙe caji. Uba ya tara kuɗi wata da watanni ya saya wa 'yarsa da ta samu gurbin jami'a. Ranar da aka zo ɗora mata Windows 11, sai saƙo ya fito cewa na'urar ba ta cika sharaɗi ba. Mai gyara zai ce, "Alhaji, kada ka damu, akwai hanyar da ake bi." Gaskiya ne akwai, kuma tana aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Abin da ciwo a ce na'urar da babu abin da ya same ta an yanke mata hukunci daga nesa.

Saboda haka, da za a tambaye ni burina game da Windows mai zuwa, ba zan fara da ado ba. Zan roƙi a fitar da zubi mara nauyi wanda zai hau tsofaffin na'urori ya kuma ci gaba da samun gyaran tsaro. Zan roƙi a tausaya wa mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Duk wanda ya taɓa haɗa laftof da wayarsa domin ya tura takarda ɗaya, ya waiwaya ya ga gigabait biyu sun tafi a sabuntawar da bai nema ba, ya san abin da nake nufi. Akwai wurin da ake gaya wa Windows cewa wannan layin na awo ne, ta rage zuƙa, amma yana ɓoye a cikin saituna, mutane da yawa ba su san da shi ba. Kamata ya yi ta tambaye ka tun farkon haɗawa. Haka batun tilasta wa mutum shiga intanet da buɗe asusun Microsoft kafin ya gama saita sabuwar kwamfuta: wanda ya tsara wannan bai yi tunanin garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ba. Sai kuma harshe. Windows na da tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, amma in har gaba ta zama ta yi wa kwamfuta magana da baki, dole mu tambaya ko za ta ji Hausa, ko kuwa sai wanda ya iya Turanci ne zai mora.

Irin waɗannan buƙatu ba su fi ƙarfin kamfanin ba, kuma Turai ta nuna haka. Dokar Tarayyar Turai kan manyan kamfanonin fasaha ta sa a 2024 Microsoft ya bar mazauna can su cire burauzar Edge daga Windows, abin da aka daɗe ana nema. A 2025, bayan matsin lambar ƙungiyoyin kare masu saye, ya sassauta masu sharuɗɗan samun ƙarin shekarar tsaro ta Windows 10 kyauta. Inda doka da ƙungiya suka tsaya bayan koke, ana saurare. Hukumominmu na fasaha da na kare masu saye suna da abin dubawa a nan, domin miliyoyin mutanenmu ne ke amfani da wannan manhaja.

Kafin nan, akwai abin da mai saye zai yi wa kansa. In za ka sayi laftof na hannu, ka sa a buɗe maka bayanin firosesa ka karanta da idonka. A kan na Intel za ka ga rubutu irin i5-7200U ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubi: na farkon zubi na bakwai ne, Windows 11 ba ta amince da shi ba, na biyun na takwas ne, ya tsallake. In lambobin biyar ne, ko suka fara da 10 ko 11 ko 12, to ya wuce na takwas, shi ma ya tsallake. Kada i7 da aka manna a jiki ya ruɗe ka, domin i7 na zubi na shida ya faɗi sharaɗin da i3 na zubi na takwas ya cika. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc, za ta nuna maka ko akwai guntun tsaron da kuma lambarsa. Wanda kuma na'urarsa ta riga ta faɗi sharaɗi, yana iya sa mai gyara ya ɗora masa wata babbar manhajar daban mai suna Linux, irin Ubuntu ko Linux Mint. Kyauta ne, suna hawa tsofaffin na'urori, kuma Ubuntu na fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, wanda ke samun gyaran tsaro na shekara biyar.