Filin Bayan Gida: Tsara Shi Yau, Ka Huta Gobe

In ka zaga sababbin unguwanni a Kaduna, ko Jos, ko Gombe, ko Zariya, za ka tarar labarin kusan ɗaya ne. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya sayi fuloti, ya kafa gini, ya tare da iyalinsa. Kuɗi sun ƙare a kan kwano da ƙofofi. Filin da ya rage a bayan gida kuwa sai a ce, “A bari tukuna.” Nan ragowar bulo da tarin yashi za su yi ta zama shekara da shekaru. Da damina ciyawa ta kai gwiwa, sauro ya sami gida, maciji ya sami maɓoya. Da rani kuma iska ta riƙa kwaso ƙura tana zubawa a cikin tukunyar miya.

Wa ke shan wahalar? Uwargida da yara. Su ne masu shara kowace safiya, su ne masu nome kowace Asabar. Wani maigidan in abin ya ishe shi sai ya malale filin duka da siminti, wani kuwa ya cika shi da furanni irin na gidan gwamnati, kafin hunturu ya fita duk sun bushe. Dukansu biyu sun yi asarar kuɗi. Akwai hanya ta uku, wato a tsara filin yadda zai ba da inuwa da abinci da wurin hutawa, amma kulawar da zai nema ba za ta wuce ƙarfin iyali ba.

Fara da ido, ba da diga ba

Kafin ka sayi ko da dashe ɗaya, ka ba filin nan lokaci ka karance shi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, fita ka tsaya ka ga inda ruwan indararo ke faɗuwa, da inda yake bi, da inda yake kwanciya. Ka lura da rana kuma: ta yamma ita ce mai gasa bango, ta sa ɗaki ya ƙi kwantuwa a watan Afrilu. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa da iskarsa, sanyin hunturu da ƙurarsa kuwa daga arewa maso gabas suke zuwa.

Sa'an nan ka gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin gwiwa, ka cika shi da ruwa. In ruwan ya ɓace nan da nan, jigawa ce, tana bukatar taki mai yawa don ta riƙe danshi. In ka dawo washegari ka tarar da ruwan yana nan, laka ce ko kuwa akwai marmara a ƙasa, sai ka yi wa abin da za ka dasa tudu don kada saiwarsa ta ruɓe.

Bayan haka, ɗauki takarda da fensir, ku zauna da uwargida ku zana filin. A sa rijiya da masai da ramin ƙazanta da wayar lantarki a inda suke. A ware wurin igiyar shanya, da murhun waje, da akurkin kaji, da inda yara za su yi wasa. Ita ce ta fi ka sanin hanyar da ƙafa ke bi daga madafa zuwa rijiya. Shukar da aka sa a kan wannan hanya ba ta kai labari.

Lissafin ruwa

Kowane tsari a ƙasar nan a kan ruwa yake tsayawa ko ya faɗi. Kano kan sami ruwan sama wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara, Jos kuwa wajen 1,400, amma ko'ina akwai watanni biyar zuwa bakwai da ba a ganin ɗigo. Saboda haka bari mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Koriyar ciyawa irin wadda ake gani a hoto tana shan aƙalla milimita 25 a mako. In filinka ya kai mita 15 a tsawo da mita 10 a faɗi, ka ga kana bukatar lita 3,750 kowane mako, wato jarka 150 mai cin lita 25. Tambayi mai garuwan unguwarku kuɗin jarka ɗaya, ka ninka, za ka gane dalilin da ya sa ba a shimfiɗe fili duka da ciyawa.

Amma wannan lissafin yana da ɗaya fuskar mai daɗi. Rufin kwano mai mita 10 kowane gefe, in aka yi ruwa na milimita 25 sau ɗaya tak, zai zubo da lita 2,500, wato jarka 100, kyauta. Ka sa magudana a bakin kwano ta kai ruwan cikin tanki ko ganga mai murfi, rarar kuma a bi da ita zuwa gindin itatuwa maimakon ta tafi tana cin gindin katangar maƙwabci. Murfin nan dole ne, domin ƙwan sauro kan zama sauro mai cizo cikin mako ɗaya zuwa biyu a ruwan da ke kwance.

Ruwan wanka da na wanke-wanke ma kada ya tafi a banza. Haƙa rami, cika shi da duwatsu da tsakuwa yadda ruwa zai nutse ba tare da ya taru a sama ba, ka dasa ayaba ko rake a bakinsa. Sai dai kada a zuba irin wannan ruwa a kan ganyen da ake ci ɗanye. A tabbata kuma ƙasar da ke jikin gini ta gangara waje, kada ruwa ya kwanta a gindin bango.

Itace: kaɗan, a inda ya dace

Ƙashin bayan tsarin shi ne itace. Fili matsakaici babban itace ɗaya ya ishe shi, a gefen yamma, don ya tare ranar la'asar. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa cewa dashen da ke cikin leda yau zai fi gidan tsawo nan gaba. Mangwaro ko dogonyaro, a ba su tazarar mita 8 zuwa 10 daga gini da rijiya da ramin ƙazanta. In filin bai kai haka ba, a haƙura da su. Cediya da durumi na ƙofar fada ne da bakin kasuwa, gama saiwarsu kan tsaga daɓe ta ɗaga harsashin gini. Itacen turare kuma yana shanye danshin ƙasa, rassansa na karyewa da iska, kada a kuskura a sa shi gabas da rufi. A nisanci katangar maƙwabci ma, domin reshe ɗaya da ya tsallaka ya isa ya ɓata zumuncin shekara ashirin.

Dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo shi, ga shi yanzu shi ne inuwar titunan Maiduguri. Da ya kama ƙasa ba ya neman komai a wurinka. Mai son 'ya'ya kuwa ya nemi mangwaro mai aure, wanda kan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, ba kamar na ƙwallo ba da kan kai shekara biyar ko fiye. Ga ƙaramin fili, gwaiba da rumman da lemun tsami sun fi dacewa. Gwanda tana ba da 'ya'ya cikin shekara guda, amma bayan shekara uku ko huɗu sai a sake ta. Zogale kuwa reshe kawai za ka kafa, ka riƙa sare kansa daidai ƙugu don ya yi rassa, yara su iya tsinkar ganye ba tare da hawa ba.

Kafin ka share filin, duba abin da ya riga ya tsiro. A shekarar 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu mai zurfi a ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka rage sauran, sai itace ya tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya. Saboda haka in ka sami kututturen aduwa ko magarya ko tsamiya a wuri mai kyau cikin filinka, ka yi tsintuwa.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta kankama, wajen Yuni zuwa Yuli. Haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, cire ledar, dasa da yamma. Ka kewaye shi da ƙaya ko ragar waya, don akuya ba ta san wahalarka ba. Rani biyu na farko su ne jarrabawa. Dabara mai sauƙi ita ce a binne tulu na ƙasa har wuya kusa da dashen, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, kai kuwa sai bayan 'yan kwanaki ka sake cikawa.

Shinge da ƙasa

In babu katanga, ko kana so ka raba wurin kaji da wurin zama, lalle shinge ne mai kyau. Yana jure fari, aski biyu a shekara ya ishe shi, ga amfaninsa a wurin mata. Aguwa da kyarana suna tare dabba sosai, amma ruwansu mai kama da nono yana ƙona ido. Bini-da-zugu kuwa 'ya'yansa dafi ne, yara kan ɗauka gyaɗa ce su ci. Gidan da ke da ƙananan yara ya guje musu. Haka nan in zaƙami ya tsiro a juji, a tumɓuke shi nan take.

Yanzu sai ƙasa. Ka'idar ita ce kada a bar ta tsirara, gama tsirarar ƙasa ita ke haifar da ƙura da taɓo da ciyawa. Hanyoyi da wurin shanya a zuba musu ɓurji ko tsakuwa mai kaurin yatsu huɗu, a daddaɓe, a yi musu baki da ragowar bulon nan da ke zube. Siminti a taƙaita shi ga wurin wanki da bakin madafa, domin in ya yi yawa yakan tara zafi da rana ya sako shi da dare, ya kuma hana ruwa shiga ƙasa. In ana son wurin da yara za su yi birgima, a dasa kirikiri a ɗan yanki. Da rani zai bushe ya yi ja, ruwan farko zai tashe shi. A yi masa iyaka da bulo kada ya mamaye ko'ina. Filin da ke kan gangare, kamar yadda ake samu a Filato, a dasa masa jema a jere a gicciye, saiwarta za ta riƙe ƙasa.

Ganyen da ke zuba kuwa ba shara ba ne. Mun saba da sharewa ƙal mu cinna wuta, alhali kowace shara tana kwashe ƙasar sama, har ka ga saiwa ta fito fili. A tara ganyen a gindin itatuwa, zai riƙe danshi, ya danne ciyawa, ya koma taki. Amma saboda gara, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, a kuma nisanta shi daga bangon ɗaki. Tarin duwatsu da itacen wuta a ɗaga su daga ƙasa, nesa da wurin wasan yara, don kunama da maciji.

Damina uku

Ba dole ne a yi kome a shekara ɗaya ba. Daminar farko, gyara hanyar ruwa ka dasa itatuwa. Ta biyu, kafa shinge ka zuba ɓurji. Ta uku, sa'ad da inuwa ta fara samuwa, ka yi dakali ko ka kafa benci, uwargida ta sami ɗan kwami kusa da madafa don shuwaka da ɗoɗɗoya da barkono. Wanda ke haya, ya nemi yardar mai gida tukuna, ya tsaya kan zogale da gwanda da abin da ake shukawa a buhu ko tsohon bokiti.

Kowace shuka da za ka kawo, yi mata tambaya ɗaya: in na yi tafiya ta wata guda a tsakiyar rani, zan dawo in same ki? In amsar a'a ce, bar ta a wurin mai sayarwa. Masu iya magana sun ce tun ranar gini ranar zane. Filin da aka yi wa tunani tun farko, bayan shekara uku aikinsa ba zai wuce ɗan aski da tattara ganye ba, kuma nan ne iyali za su riƙa shimfiɗa tabarma da yamma, nan za a sauki baƙi, nan jikoki za su ci mangwaron da ka dasa. Ga damina tana tafe. Allah ya ba mu mai albarka.